Canza tunani ko neman magani? Sharhi kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa a Maraɗi

A farkon watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da rahoton da ya ce mutane fiye da biliyan 1 a duniya na fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da fargaba su ne kan gaba. Labarin ya zo ya tarar da muhawarar da ta riga ta yi nisa a wayoyin mutane. A WhatsApp da TikTok da Facebook, masu ba da shawara kan zaman duniya na ta nanata cewa talauci da baƙin ciki duk daga tunani suke, wanda ya gyara tunaninsa ya gyara rayuwarsa. Masu wa'azi na cewa zuciyar da ta riƙe ambaton Allah ba ta shiga ƙunci. Ma'aikatan lafiya na cewa cuta ce, a je likita. A cikin gida kuma tsohuwa ta riga ta yanke hukunci: iska ce ta taɓa yarinya.

Magidancin da ya yi wata guda ba ya barci, ko matar da ta daina jin daɗin komai tun da ta haihu, wa za su saurara? Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Ruɗanin ya samo asali ne daga kiran abubuwa mabambanta da suna ɗaya, sannan a rubuta musu magani ɗaya.

Ba kowace damuwa ce cuta ba

Tun a kundin kafa ta na 1946 OMS ta ce lafiya ta wuce rashin ciwo, ta haɗa da lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa da ta zamantakewa. A wajen likitoci, mai lafiyar ƙwaƙwalwa yana ɓacin rai kamar kowa. Abin dubawa shi ne ko yana iya ɗaukar nauyin yau da kullum, ya yi sana'arsa, ya zauna da mutane.

Da wannan ma'auni, mataki na farko shi ne damuwar da dalilinta ke fili. Ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale a Ɗan Isa, manomin da fari ya ƙone masa gero, wanda aka yi wa rasuwa. Barci zai yi wuya, abinci zai fita daga rai, amma in an kwana biyu, ko dalilin ya gushe, mutum na dawowa daidai. Wannan ba cuta ba ce, ba ta kuma buƙatar ƙwaya.

Mataki na biyu shi ne ciwon damuwa. Likitoci na gane shi ne idan ƙuncin zuciya ko rashin sha'awar komai ya zauna wa mutum kusan kullum har aƙalla mako 2, tare da wasu alamu: lalacewar barci, rashin cin abinci ko yawan ci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci har tunanin gara mutuwa. Yana hana aiki, kuma ba ya ɗagawa ko da an kawo albishir. OMS na ƙiyasin kusan mutum 1 cikin 20 na manya na fama da shi, mata sun fi maza. Fargaba mai tsanani 'yar uwarsa ce: faɗuwar gaba ba dalili, zullumin da ba ya ƙarewa, bugun zuciya da gumi kamar rai zai fita.

A ƙasar Hausa ba kasafai mai wannan ciwo ke cewa yana baƙin ciki ba. Cewa yake kansa na zafi, jikinsa ya mutu, wani abu na yawo a cikin jininsa. Sai a yi ta gwajin zazzaɓin cizon sauro, a sha magani, a koma, a sake gwaji, kuɗi na tafiya ciwo na nan. Akasin haka ma na faruwa. Ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar maƙoƙo na kawo kasala da bugun zuciya, a ɗauka tunani ne ya yi yawa. Shi ya sa duba jiki ke zuwa kafin a yanke hukunci.

Mataki na uku shi ne taɓin hankali: jin muryoyin da wasu ba sa ji, zargin ana bin mutum da sharri ba hujja, magana ba kan gado. Mafi shahararsa na kama kusan mutum 1 cikin 300. Ya fi ciwon damuwa ƙaranci nesa ba kusa ba, amma shi ne hoton da ke zuwa wa mutane da zarar an ce lafiyar ƙwaƙwalwa. Tsoron kada a ce masa mahaukaci, ko a ce gidansu akwai hauka har ya shafi auren ƙannensa, shi ke hana mai ciwon damuwa buɗe baki. Farfaɗiya kuwa cuta ce ta daban, ba a ɗaukar ta ta miyau ko taɓa jiki, kuma kusan 7 cikin 10 na masu ita na iya daina faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata.

Me ya sa maganar ta yi zafi a Maraɗi

Maraɗi gari ne na kasuwa, kuma numfashin kasuwarsa na haɗe da hanyar Katsina da Kano. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai a Maris 2024 aka buɗe. Kowace rufewa ta taɓa babban Alhaji mai tireloli, ta taɓa ɗan dako da mai tuwo a tasha. Daminar 2024 ta zo da ambaliyar da ta kashe mutane kusan 400 a faɗin Nijar, jihar Maraɗi na cikin inda ta fi ɓarna, har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba.

A kudu da yamma akwai matsalar 'yan bindiga. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako zuwa yankunan Gidan Rumji da Madarunfa, su ma ƙauyukan bakin iyaka na wannan ɓangare sun sha satar shanu da garkuwa da mutane. Wani nazarin OMS na 2019 ya nuna cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Wanda aka sayar da gona aka fanso shi daga daji ya dawo gida, amma ƙarar babur da dare na iya hana shi runtsawa har tsawon watanni.

Sai kuma abin da ke cikin gida, wanda ba ya shiga labarai. A ɗauki mai jego, haihuwa ta biyar, an yi suna da makonni uku. Tana wanka, tana shan kunu, jariri na tsotso, amma ta daina hira, kuka na zuwa mata ba dalili, ko an karɓi yaron ba ta iya barci. Uwar miji ta leƙo: “Ke dai ki gode wa Allah, kin sauka lafiya, ga ɗa namiji. Me kuma ya rage?” Ta ce, “Ba komai, Inna, gajiya ce.” Maganar ta mutu a nan. Ɗan sauyin rai a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, yana wucewa cikin mako 2. Wanda ya zarce haka ciwo ne, kuma OMS ta ce fiye da 1 cikin 10 na masu ciki da masu jego na kamuwa da shi. A yankin da haihuwa ke da yawa kuma ake aure da wuri, wannan ba ƙaramin adadi ba ne. Idan kuma mai jego na haki, ƙafafunta na kumbura, ba ta iya kwanciya a miƙe, wannan na iya zama ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda aka san shi sosai a ƙasar Hausa, kuma na gaggawa ne.

Abin da gyara tunani ke iya yi, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Masu cewa tunani na da tasiri ba ƙarya suke ba. A shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa masu ciwon damuwa na da wasu maganganu da suke maimaita wa kansu: ni ban iya komai ba, kowa ya tsane ni, gobe ma haka za ta kasance. Ya tsara hanyar zama da mara lafiya a ɗauki kowace magana a auna ta da hujja, a kuma dawo da shi cikin ƙananan ayyukan da ya bari. Gwaje-gwaje masu yawa sun nuna hanyar na aiki, kuma ga ciwon da bai yi tsanani ba tana iya yin abin da ƙwaya ke yi. Sai dai wannan aiki ne na makonni, tare da wanda aka horar. Bai yi kama da bidiyon minti ɗaya da ke cewa ka tashi ka ce wa kanka kai mai nasara ne ba.

Akwai kuma ra'ayin Carol Dweck, masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, cewa wanda ya yarda basira na ƙaruwa da ƙoƙari ya fi juriya a kan wanda ya ɗauka haka aka halicce shi. A 2019 an buga sakamakon gwajinsa a kan ɗalibai fiye da 12,000 a Amurka. Makin ɗaliban da ke baya ya ɗan ƙaru, ƙari na gaske amma kaɗan, kuma ya fi bayyana a makarantun da abokan karatu ke ƙarfafa ƙoƙari. Ko a can, yanayin da mutum ke ciki ya shiga lissafi.

Ɗaya ɓangaren na cewa kibiyar ta fi tafiya ta wancan gefen: talauci ne ke cin tunani. Wani bincike da aka buga a 2013 ya gwada manoman rake a Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da bashi ya yi musu katutu, da bayan girbi da kuɗi suka shigo. Mutane ɗaya ne, amma sun fi ƙoƙari a gwajin kaifin tunani bayan girbi. Duk wanda ya san ƙauye a watan Yuli da Agusta, rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba, zai gane wannan. Kan da ke lissafin tiyar hatsin dare ba shi da sauran wurin tsara shekara biyar masu zuwa.

Bincike mafi kusa da mu a nan Nijar aka yi shi, aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 2022. Masu bincike na Bankin Duniya da shirin tallafin gwamnati sun bi dubban mata matalauta a ɗaruruwan ƙauyuka, dukansu suna karɓar jika 10 a wata. Aka raba ƙauyukan ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ya tsaya kan tallafin wata kawai. Sauran ukun duk an kafa musu asusu, an koya musu dabarun sana'a, an ba su mai bibiya. Daga nan aka bambanta: wasu aka ƙara musu jari na jika 80 a dunƙule, wasu ba a ba su jarin ba, sai aka koya musu tsara buri da yanke shawara da iya magana, aka kuma tara gari duka, maza da mata da masu gari, aka nuna fim kan ma'auratan da suka tashi da sana'a, aka tattauna, kashi na ƙarshe ya samu duka biyun.

Bayan shekara ɗaya da rabi, duka kashi ukun sun fi waɗanda suka tsaya kan tallafin wata: cin abinci ya inganta, kuɗin sana'a ya ƙaru, kwanciyar hankali ta ƙaru. Waɗanda suka samu jari da horo tare su ne suka fi ci gaba. Abin da ya ja hankalin masana shi ne kashin da bai samu jari ba: da aka auna abin da aka kashe da abin da aka samu, horon ya biya kuɗinsa har da riba mai yawa.

Kowane ɓangare na iya ɗaukar wannan sakamako ya ce ya yi nasara, don haka yana da kyau a karanta shi da kyau. Horon tunani ya yi aiki, babu shakka. Amma ya yi aiki ne a kan matan da ke da jika 10 a hannu kowane wata, da asusu, da mai leƙo su. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na biyu, ba matar kaɗai aka yi wa magana ba. An yi wa mijinta da surukarta da mai gari, domin burin da gida bai amince da shi ba ba ya zuwa ko'ina.

Maraɗi ta san wannan tun kafin a rubuta shi a mujalla. A wannan jiha ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE: mata su taru duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya, a ba juna rance. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mace na fita daga taron da rance, tana kuma fita da sanin cewa akwai waɗanda za su neme ta idan ba ta zo ba.

Haɗarin saƙon “komai daga tunaninka yake” yana ga wanda ya gwada bai ga canji ba. Mai ciwon damuwa dama yana zargin kansa. Idan aka ce masa laifin tunaninsa ne, an ƙara masa hujja a kan kansa.

Malam, mai magani da likita

Ga mafi yawan mutanen Maraɗi, ƙofar farko ita ce ta malam: addu'a, ruƙiyya, rubutun sha. Wasu, musamman a karkara, na zuwa wajen masu maganin gargajiya, kuma bori na da tsohon tarihi a wannan yanki duk da ya ja baya. Masu wannan hanya na da hujjarsu. Malam na kusa, yana saurare ba ya duba agogo, yana magana da harshen da iyali suka yarda da shi, kuma zuwa wajensa ba abin kunya ba ne. Bincike da yawa sun nuna cewa ibada da zama cikin jama'ar masallaci na taimaka wa mutane jure musiba.

Inda ake samun saɓani shi ne cewa ciwon damuwa alamar raunin imani ce. Malamai da dama ba su yarda da wannan ba, kuma suna da nassi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiran ta shekarar baƙin ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya kuma ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, wanda nasiha da gyaran tunani ke warkarwa, da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, wanda ya danganta da jiki ya ce yana buƙatar magani. Rabewar da likitocin yau ke yi ba baƙuwa ba ce a ilimin Musulunci.

Su kuma likitoci ƙorafinsu jinkiri ne. Mai taɓin hankali ko farfaɗiya kan iso bayan an yi shekaru ana yawo, an sayar da dabbobi, wani lokaci da tabon mari a ƙafa ko na bulala a baya. Ɗaure mara lafiya da dukansa ba su taɓa warkar da kowa ba. Amma ɓangaren likita ma na da nasa raunin. Rahoton OMS na 2025 ya ce matsakaicin abin da gwamnatoci ke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ne na kasafin lafiya, kuma yayin da ƙasashe masu arziki ke kashe har dalar Amurka 65 a kan kowane mutum a shekara, matalauta na kashe santi 4 kacal na dalar Amurka a wasu wurare. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon damuwa ba sa samun kowace kulawa. A Nijar ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ƙalilan ne, yawancinsu a Yamai. Wanda ya ce a bar malam a je likita, dole ya faɗi wane likita, a ina, da nawa.

Matsayar da ta fi samun karɓuwa ita ce haɗa biyun. A ci gaba da addu'a, a kuma je a duba. Malamin da ya san alamun haɗari ya ce wa iyali su wuce asibiti ya fi kowa saurin ceton rai, domin maganarsa ake ji.

Barci, shayi da tramol

Shawarwarin kula da jiki sun fi sauƙin faɗa. Babba na buƙatar barcin awa 7 ko fiye. OMS na ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma an tabbatar yana rage alamun damuwa. Ga manomi da mai surfe da mai ɗiban ruwa wannan shawara ba ta da wani amfani, sun wuce adadin tun kafin Talata. Ta fi shafar mai shago da ma'aikacin ofis da matar da ba ta fita. Barci ne ya shafi kowa: zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ɗauke wuta, waya a hannu har tsakar dare, da shayin fada. Sinadarin da ke cikin shayi da goro da kofi na ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin da aka sha ƙarfe 11 na dare yana nan yana aiki har kusan asuba. Fada kanta kariya ce, domin kaɗaici na cikin abin da ke rura damuwa. Lokacin shayin ne abin dubawa.

Tramol ya fi wannan nauyi. A ɗauki ɗan kabu-kabu da babur ba nasa ba. Kowace yamma akwai kuɗin da zai kai wa mai babur, ga mai, ga cefane. Wani abokin aiki ya miƙa masa ƙwaya ya ce, “Sha wannan, abokina, ba za ka ji rana ba.” Gaskiya ne, ranar bai ji ba. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi daga dangin da ke kama jiki. Na asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa a Afirka ta Yamma kan kai 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya. Bayan 'yan makonni ɗaya ba ta isa, ranar da bai sha ba jiki na ciwo, gumi, fushi, ƙunci. Yawansa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, a kan babur kuwa an san ƙarshen wannan. A wannan mataki faɗa da gori ba sa cire shi, kuma yankewa lokaci ɗaya na da wuya. Ana rage shi ne a hankali ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Haka ma ƙwayoyin sa barci da ake saye a tebur: suna rufe damuwa na dare ɗaya, su bar mutum da sabon ciwo.

Abin da wannan ke nufi ga iyali

Ga mai ƙaramin ƙarfi tambayar farko kuɗi ce. Daga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da wasu ayyuka a asibitocinta da kusan rabi, abin da ya sauƙaƙa matakin farko, wato zuwa CSI, ƙaramin asibitin unguwa, a auna jini da hawan jini da suga, a faɗi abin da ake ji ba ɓoye-ɓoye. Nauyin da ya rage shi ne na magani, domin na ciwon damuwa ba ya nuna aiki sai bayan makonni, kuma ana ci gaba da shi watanni bayan an ji sauƙi. Da yawa daga cikin waɗanda ciwon ke dawo musu sun daina ne da suka ga sun warware, ko kuɗi ya yanke. Ga ciwo mara tsanani ma ba ƙwaya ake farawa da ita ba, zaman tattaunawa ne da komawa harkoki sannu a hankali.

A cikin gida, yadda ake tambaya na da tasiri. “Yi haƙuri” magana ce mai kyau, amma sau da yawa tana rufe hira. “Yaya, na ga kwana biyu ba ka fitowa fada, kana samun barci kuwa?” tana buɗe ta. Idan mutum ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara ba shi, kada a ɗauka wasa ne. OMS ta ƙiyasta mutane 727,000 sun kashe kansu a 2021. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ba ta sa masa ra'ayin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi likita a ranar.

A matakin hukuma, jiran a samu ƙwararren likita a kowace gunduma zai ɗauki shekaru. Tun 2008 OMS ke da tsarin horar da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka su kuma kula da su. A Zimbabuwe an horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, zama 6 kowane mutum, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. A Pakistan ma'aikatan lafiya mata na ƙauye sun yi irin wannan da masu ciki da masu jego. Maraɗi na da wuraren da irin wannan aiki zai zauna: ƙungiyoyin asusu na mata, fadodin matasa, makarantun Islamiyya, ungozomomi da ke shiga ɗakin mai jego. Abin da tsarin ke buƙata shi ne horo ga waɗannan mutane, ma'aikacin jinya a CSI da za su tura wa wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu, da magani mai sauƙin kuɗi da ba ya yankewa a kantin asibiti.